Na sayi ƙaramin madubin hangen nesa, amma hoton nebula baƙi yake fitowa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi ƙaramin madubin hangen nesa na hannu, an rubuta 70/700 a jikinsa, yana kan ƙafa uku. Wata yana fitowa tas, har ramukansa nake ɗauka da waya. Amma in na juya kan nebular Orion ko galaksin Andromeda, wato wani babban tarin taurari mai nisa, ko dai hoton ya fito baƙi ƙirin, ko taurari su zama 'yan layuka. Yayana mai ɗaukar hoton biki ya bar mini tsohuwar kyamarar Canon da gilashin 50mm. Ƙarfina kaɗan ne. In yi tari in sayi babban madubi, ko akwai dabara? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. Babban madubi a kan irin wannan ƙafar ƙara maka ciwon kai zai yi. Abin da yayanka ya bar maka ya fi dacewa da wannan aiki fiye da abin da ka saya.

Wata da nebula ba aiki ɗaya ba ne. Wata hasken rana yake mayarwa, ƙiftawar ido ta ishi kyamara. Nebular Orion kuwa gajimaren gas ne da ƙura, haskenta yakan yi tafiyar shekara kusan 1,350 kafin ya iso mu, na Andromeda kuma shekara miliyan 2.5. Abin da ke isowa kaɗan ne ƙwarai, sai an bar idon kyamara a buɗe ya daɗe yana tarawa. Henry Draper, wanda ya fara ɗaukar hoton nebular Orion a 1880, minti 51 ya bar nasa a buɗe. To amma sama ba ta tsayawa ta jira ka. Duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, kuma iya tsawon madubinka iya yadda yake zuzuta wannan motsi. A milimita 700, wato tsawon madubinka, da kyamara irin taka, tauraro yakan tsallake ɗigon hoto (ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto) wajen goma a sakan ɗaya. Layukan da kake gani ke nan. In ka gajarta lokacin don gudun layi, sai ka samu baƙi. A gilashin 50mm kuwa, bai cika ɗigo ɗaya ba a sakan.

Akwai kuma wani lissafin. Raba tsawon madubin, 700, da faɗin bakinsa, 70, ka samu 10, wato madubinka f/10 ne; iya ƙanƙantar wannan lamba iya saurin tara haske. Gilashin 50mm in ka sa shi a f/2.8, hasken da zai tara wa kowane ɗigo a minti ɗaya, madubin sai ya yi kusan minti 13. Sannan mutane da yawa suna zaton waɗannan abubuwa ƙanana ne, sai an kusanto da su sosai. Ba haka ba ne. Tsawon Andromeda a sama ya kai faɗin wata na daren sha huɗu har shida a jere, ba za ta ma shiga hoton madubinka gaba ɗaya ba. Abdurrahman al-Sufi da ido zalla ya gan ta, ya siffanta ta da ɗan gajimare tun wajen shekarar 964. Matsalarta dusashewa ce, ba ƙanƙanta ba.

Saboda haka ka ɗora Canon ɗin a kan ƙafa uku mai ƙarfi, ka sa ta a M, wato saitin hannu, ka zaɓi RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ISO (ƙarfin jin haske) 1600, f/2.8, sakan uku ko huɗu. Fokas shi ne inda yawancin masu farawa ke asarar dare guda. Kashe na otomatik, nemi tauraro mai haske a allon kyamara, ƙara girmansa sau goma, ka riƙa murza zoben a hankali har ya zama ɗan ɗigo mafi ƙanƙanta, sai ka manne zoben da salatif. Kada ka dogara da alamar da aka zana a jikin gilashin. Kada kuma yatsanka ya taɓa kyamara lokacin ɗauka. Ɗan rimot mai waya ba shi da tsada, kuma shi ne abu na farko da nake so ka saya.

Hoto ɗaya na sakan huɗu ba zai burge ka ba, duhu ne da yashi-yashi. Amma da yayyafi kogi kan cika. Ɗauki 300 a jere, ka tara minti 20 ke nan, kana ɗan gyara saitin kyamarar bayan kowane 'yan mintoci saboda abin yana zamewa yamma. Manhaja za ta daidaita taurarin ta ɗora hotunan kan juna. Hasken nebula yana wuri ɗaya a kowane hoto, sai ya taru; yashi-yashin kuwa kowane hoto da irin nasa, sai ya riƙa kashe juna. Hoto 100 yakan ninka tsabtar sau goma, amma kafin ka ninka ta sau ashirin sai ka kai 400. Manhajojin Siril da DeepSkyStacker suna wannan aiki, duka kyauta ne, kuma tsohuwar kwamfuta za ta iya, sai dai ta ja lokaci.

Kafin ka naɗe kaya, rufe gilashin da murfinsa ka ɗauki wasu 30 ba tare da canja komai ba. Waɗannan baƙaƙen hotuna su ke nuna wa manhaja dattin da zafin kyamara ke haifarwa, ta cire shi. A ƙasarmu wannan ba abin wasa ba ne, musamman da bazara, don iya zafin kyamara iya yawan dattin, kuma dole a ɗauke su a wurin, cikin zafin daren, ba washegari a ɗaki ba. Sai kuma ka lulluɓe bakin gilashin da farin ƙyalle, ka haska shi da farin allon waya, ka ɗauki kamar 20 ba tare da taɓa fokas ba. Su ne maganin duhun kusurwoyi da tabon ƙura. Wanda ya taɓa canja gilashi a waje da hunturu ya san irin ƙurar da nake nufi.

In an gama haɗawa hoton zai fito kusan baƙi, kada gabanka ya faɗi. Hasken yana ciki, sai ka ja shi, wato ka riƙa ƙara hasken hoton, a Siril sannu a hankali. Mai gaggawa yakan ja har sama ta koma shuɗi ko ja, taurari su kumbura.

Batun lokaci kuwa, mu da muke lissafin wata ba ma buƙatar dogon bayani: daga wajen 25 ga wata zuwa 3 ga mai kamawa, lokacin duhu. Farin wata yana wanke nebula kamar yadda fitilun gari ke yi. A cikin shekara na fi son ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ya wanke sama, hazo bai sauko sosai ba. A lokacin Andromeda tana sama sosai bayan isha, Kaza Mai 'Ya'ya na biye, Orion kuma sai bayan tsakar dare. Daga Disamba zuwa Fabrairu Orion na samuwa da wuri, kuma daga Zariya nebular takan haura sama da digiri 70, inda hazo ya fi sauƙi. A Afrilu da Mayu ka dubi kudu ka nemi Omega Centauri, dunƙulen taurari miliyoyi. Yawancin mutanen Turai ba sa ganinsa daga gidajensu, mu kuwa yakan tashi mana wajen digiri 30. Manhajar Stellarium za ta nuna maka inda kowanne yake. In za ka fita bayan gari, ka je inda aka san ka, ka sanar da mai unguwa, kada ka tafi kai kaɗai. Mutum da ƙarfe mai ƙafa uku cikin duhu a wannan zamani abin zargi ne.

In ka ƙware a wannan, mataki na gaba mazauni ne mai bin juyawar sama. Na kanti irin su Star Adventurer suna da tsada, amma kafinta zai iya haɗa maka na katako: allo biyu da hinjin ƙofa, da dogon sukuru M6 a nisan milimita 228 daga tsakiyar hinjin. Kana murza sukurun zagaye ɗaya a kowane minti, allon sama yana ɗagawa daidai da tafiyar taurari, kyamara na kansa. Da gilashin 50mm zai kai ka sakan 30 zuwa minti ɗaya. Bayan kamar minti goma ka mayar da shi farko, don kuskure na taruwa. Sharaɗin shi ne hinjin ya kalli tauraron arewa, wanda a Zariya digiri 11 kawai ya ɗaga, kamar dunƙulen hannu ɗaya in ka miƙa hannunka. Katanga ko bishiya kan tare shi, hazo kan haɗiye shi, don haka ka nemi fili mai buɗaɗɗiyar arewa tun da rana.

Akwai kuma ƙananan na'urori irin Seestar S50 da ke nemo abin da kansu, su ɗauka, su haɗa, su turo waya. Suna aiki, amma sabuwa ta fito a wajen dala 500, kuma a ganina ba za ka koyi rabin abin da Canon ɗin nan za ta koya maka ba. Madubinka kuwa kada ka sayar. Bar shi wa wata, da zoben Saturn, da manyan watannin Jupiter guda huɗu, nan ne aikinsa. Kuɗin da ke hannunka yanzu ka sa su a rimot, da batir na biyu, da katin ajiya mai girma, don RAW 300 wuri suke ci.