Ga mai tambaya kan masu barin X da Facebook zuwa Mastodon da Bluesky

Assalamu alaikum. Malam, ka tambayi abin da ke sa mutane barin X, wasu har da Facebook, su koma Mastodon da Bluesky, da kuma ko ƙungiyarku ta matasa a Tawa ta kwashe shafinta ta bi su. A gajarce: ku buɗe can, amma kada ku rufe nan. Bayanin yana da ɗan tsawo, sai ka yi haƙuri.

Ba kyan sababbin manhajojin ke jan mutane ba, don wasunsu ma ba su kai tsofaffin daɗin aiki ba. Abin da ke korarsu shi ne sun gane asusun da suka yi shekaru suna ginawa ba nasu ba ne. Mabiya, hotuna da suna duk suna hannun kamfani ɗaya, kuma yana iya sauya doka da dare, gari ya waye ka tarar da ita.

Twitter ce ta nuna wa kowa haka. Elon Musk ya saye ta a watan Oktoba na 2022 kan dalar Amurka biliyan 44, bai yi wata ba ya sallami kusan rabin ma'aikata. Shuɗin makin da a da yake nuna an tantance mutum ya koma na sayarwa, duk mai kuɗin wata ya samu, har masu sojan gona. Farkon 2023 aka toshe manhajojin wasu kamfanoni da ake shiga Twitter da su, irin su Tweetbot, aka sa kuɗi a ƙofar da masu bincike ke ɗibar bayanai kyauta. A watan Yulin wannan shekara aka wayi gari an ce wanda bai biya ba rubutu 600 kaɗai zai karanta a yini, a watan kuma aka sauya sunan zuwa X. Ƙarshen 2024 aka rage ƙarfin toshewa, ya zama wanda ka toshe yana ganin rubutunka, amsa maka ce kawai ba zai iya ba. Ga macen da wani ya matsa wa lamba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Jaridar Guardian ta Ingila ta daina wallafawa can a Nuwamban 2024, Le Monde ta Faransa ta bi a Janairun 2025.

Na Facebook a hankali yake cin mutum. Shafi mai dubban mabiya ya wallafa sanarwa, kaɗan daga ciki su gani, sai an biya kuɗin talla. Na'urar da ke tace rubutu ba ta ƙware a Hausa ba, balle Zabarmanci ko Tamashek, sai ta kama wasa tsakanin taubasai ta bar zagi na gaske, in ka ɗaukaka ƙara kuma da wuya ka samu ɗan Adam ya duba. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook, Instagram da WhatsApp suka mutu tare wajen awa shida, saboda dukansu na gida ɗaya ne.

Sai dai barin kamfani zuwa wani kamfani ba magani ba ne. Da gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, an yi ta tururuwa zuwa Koo, wata manhajar Indiya mai kama da Twitter, har hukumomi suka buɗe asusu. A watan Yulin 2024 Koo ta rufe ƙofa, duk abin da aka tara can ya bi ruwa. Telegram da Signal ma, duk da amfaninsu, kowace mai ita ɗaya ne.

To mene ne bambancin Mastodon? Wani matashi a Jamus, Eugen Rochko, ya fito da ita a 2016, kuma ba shafi ɗaya ba ce. Manhaja ce da kowa zai iya ɗorawa a kan sabar tasa, wato kwamfutar da ke kunne kullum a intanet tana riƙe da asusu da rubuce-rubuce, sabobin kuma suna magana da juna ta wata ƙa'ida mai suna ActivityPub. Kamar layin waya ne: kai kana Airtel, ɗan'uwanka yana Moov, amma kira yana shiga. Shi ya sa adireshinka yake da kashi biyu, @suna@sabar, misali wanda ke mastodon.social yana bin wanda ke piaille.fr ba tare da ya buɗe asusu can ba. Pixelfed ta hotuna da PeerTube ta bidiyo duk wannan ƙa'idar suke bi. Babu talla, babu na'urar da ke zaɓa maka abin da za ka gani, rubutu yana zuwa bi da bi yadda aka wallafa shi, haruffa 500 a yawancin sabobi.

Babban abin da ake samu shi ne ikon tashi da mabiya, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure, don haka bari in tsaya a kai. Da farko ka buɗe sabon asusu a sabar da za ka koma. A cikin saitin sabon, ka rubuta adireshin tsohon a matsayin laƙabi, wato ka shaida cewa naka ne. Ka koma tsohon, ka sauke jerin waɗanda kake bi da waɗanda ka toshe, fayil ne na CSV ƙarami. Sannan ka danna ƙaura ka sa sabon adireshi. Mabiyanka za su riƙa komawa da kansu, wani lokaci cikin awa ɗaya, wani lokaci sai an kwana biyu, gwargwadon nauyin sabobinsu. Daga nan ka loda fayil ɗin nan a sabon asusu. In ka danna ƙaura kafin ka sa laƙabin, ba za ta karɓa ba. Tsofaffin rubuce-rubucenka ba sa binka, suna nan a tsohuwar sabar, abin da za ka iya kawai shi ne ka sauke kwafinsu ka ajiye. Bayan ƙaura sai an yi kwana 30 kafin a sake wata. Wanda ya fi duka muhimmanci: dole tsohuwar sabar ta kasance da rai lokacin da kake tashi. In ta mutu kwatsam, mabiya sun tafi ke nan.

Saboda haka zaɓen sabar ba abin gaggawa ba ne. Duba shafin bayaninta: wa ke riƙe da ita, mutum ɗaya ne ko ƙungiya, da me ake biyan kuɗinta, shekara nawa ta yi. Sabobin da aka jera a joinmastodon.org sun yi alkawarin ajiye kwafin bayanai kullum, da samun mutum na biyu mai makulli, da ba da sanarwar wata uku kafin rufewa. Wadda ba ta yi wannan alkawari ba, ni ba zan ɗora shafin ƙungiya a kanta ba. Duba kuma wace sabar ta toshe wace. Masu riƙe da sabobi suna iya yanke hulɗa da wata sabar baki ɗaya in tana barin zagi da batsa, kuma in taka aka yanke, kai da ba ka yi laifi ba za ka rasa mabiyanka na can. Mulkin kamfani ya ragu, amma mai sabar ma ɗan ƙaramin sarki ne, kuma wasunsu da saurin fushi.

A sani kuma, saƙon sirri a Mastodon ba a kulle yake ba. Mai sabar taka da mai sabar wanda ka aika wa suna iya karantawa in sun so. Maganar kuɗin ƙungiya ko ta wani mamba ku bar ta a Signal ko WhatsApp.

Bluesky ta fi sauƙin shiga, ta fi kama da tsohuwar Twitter, shi ya sa ƴan jarida suka fi yawa can. Cikin Twitter aka fara ta a 2019, daga baya ta zama kamfani mai zaman kansa, ta buɗe ƙofa ga kowa a Fabrairun 2024. Da kotu ta rufe X a Brazil ƙarshen Agustan 2024 miliyoyi suka shiga, zuwa Nuwamba ta wuce asusu miliyan 20. Haruffa 300 ne. Abin da na fi so a cikinta, in kuna da domen naku, wato adireshin shafin intanet na kanku, shi zai zama sunanku: layi ɗaya ake ƙarawa a saitin domen ɗin, wanda ake kira DNS, shi ke nan ba mai iya sojan gona da sunan ƙungiya. Amma a faɗi gaskiya, yawancin mutane a kan sabobin kamfanin suke, kuɗin masu zuba jari ne ke tafiyar da shi, kuma na'urorin da ke tattara rubutun kowa su rarraba suna da nauyin da ba kowa ke ɗauka ba. Ƙofar fita zuwa wata sabar tana nan, waɗanda suka bi ta ba su da yawa. Jerin waɗanda ka toshe ma a fili yake, kowa na iya dubawa.

Nostr kuwa, wani tsarin ne da shi ma ba na kamfani ɗaya ba, makulli biyu ne a cikinsa ba asusu ba, na fili da na sirri. Ka ɓatar da na sirri, ba wanda zai dawo maka da shi. Ba na ba ƙungiya shawararta.

Yanzu abin da zai same ku a nan gida. Na farko, mutanenku ba sa can. Dattijon unguwa da ƴan kasuwa da iyaye mata saƙon murya suke saurare a WhatsApp, matasa suna Facebook da TikTok. Wanda ya buɗe Mastodon ranar farko fili zai gani fayau, ya ce babu kowa, ya goge. Maganinsa shi ne a makon farko ya bi mutum hamsin zuwa ɗari, ya bi maudu'ai masu alamar # kamar #Hausa da #Sahel, don su ne hanyar da ake samun juna. Neman kalma a cikin rubutu ba ya kamo kowa, sai wanda ya yarda a saitinsa a same shi. In kana neman wani, liƙa cikakken adireshinsa a akwatin nema.

Na biyu, rajista da imel ake yi, ba da lambar waya ba. Da yawa daga cikin mambobinku mai gyaran waya ne ya buɗe musu Gmail, ba su san kalmar sirrin ba. Ku fara da wannan kafin komai, in ba haka ba saƙon tabbatarwa zai tafi inda ba mai gani. Sunan asusu kuma ba ya karɓar ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, sai dai a sunan da ke fitowa sama. Kowane rubutu yana da wurin zaɓen harshe, kuma Hausa tana cikin jerin. Ku riƙa zaɓenta, don in waya ta bar shi a Faransanci, wanda ya tace harsuna yana neman Hausa ba zai gan ku ba.

Na uku, mega. In forfen da mutum ya saya na Facebook da WhatsApp ne kaɗai, ba zai buɗe Mastodon ba. A kashe kunna bidiyo da kansa, inda rezo ba shi da ƙarfi kuma a rage girman hoto kafin a ɗora.

Ka ce wani a cikinku yana son ku kafa sabar ta kanku. Yana yiwuwa, amma kada ku ɗora ta a kan kwamfutar ofis. Da ɗaukewar wuta da zafin watan Afrilu a Adar ba za ta yi dogon rai ba, kuma in ta yi kwana bakwai ba a samunta, sauran sabobi suna daina aiko mata saƙo. Hayar sabar ake yi a waje, mai ƙwaƙwalwa giga 4, wajen yuro 5 zuwa 10 a wata, wato jika uku da ɗoriya zuwa kusan jika bakwai, tunda yuro ɗaya sefa 656 ne. Domen kuma wajen jika takwas zuwa goma a shekara, duk da katin banki ake biya. Mastodon tana tafiya ne da wasu manhajoji da ake ɗorawa tare da ita, PostgreSQL, Redis da Sidekiq, tana kuma bukatar hanyar aika imel ta daban. Abin da ke kashe ƙananan sabobi uku ne. Faifai yana cika, domin sabar tana ajiye kwafin duk hoto da bidiyon waɗanda mambobinta ke bi, sai an sa umarnin tootctl media remove yana sharewa kowane mako. Ana barin rajista a buɗe, ƴan damfara su cika wurin, sauran sabobi su toshe ku, don haka a sa sai an amince kafin a shiga. Na ukun shi ne domen: ba a sauya shi bayan an kafa, in aka manta biyan kuɗinsa adireshin kowa ya mutu. A yi rajistarsa da sunan ƙungiya, mutum biyu su riƙe makulli, kada ya zama yaro ɗaya ya tafi karatu Yamai da komai a wayarsa. In mutum goma ne ko ashirin, GoToSocial, wata ƙaramar manhaja mai bin ƙa'ida ɗaya da Mastodon, ta fi sauƙi, ba ta cin ƙwaƙwalwa sosai.

Akwai abin da wannan tsari ba ya warwarewa ko kaɗan. Da aka yanke intanet ɗin waya a nan Nijar wajen kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021, da Mastodon da Facebook duk ɗaya ne, ba rezo ba shiga. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka ƙara tsaurarawa a 2024, ba ta tambayar a wane shafi ka yi rubutu. In ku ne masu sabar kuma, ku ne za ku zauna kuna karanta ƙorafi kuna goge abin da ya saɓa.

Da ni ne ku, domen zan fara saye, in yi ɗan shafi mai sauƙi inda kowace sanarwa za ta fara sauka. In buɗe asusun ƙungiya a wata tsayayyar sabar Mastodon, in buɗe na Bluesky da sunan domen ɗin, Facebook da WhatsApp su ci gaba da kai saƙo ga jama'a amma da mahaɗin da ke komawa shafinku. Lambobi da imel na mambobi a rubuta su a fayil da kuma littafi, a hannun magatakarda. Batun sabar kanku ku bar shi sai kun yi wata shida kun ga mutum nawa ke shiga da gaske. Kafin nan, wannan makon, mai kula da shafinku na Facebook ya shiga saiti ya nemi kwafin bayanan shafin, ya zaɓi tun daga farko da hotuna masu inganci. Yana iya ɗaukar kwanaki kafin ya fito, kuma in ya fito ba ya daɗewa ake cire shi, don haka ya sauke shi nan take inda akwai wifi.