Dukushina ya shekara biyu da rabi: in fara koya masa zamiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da dukushi ɗan shekara biyu da rabi a Katsina. Na ga bidiyon wani wasan dawaki na Amurka, inda doki ke sukuwa ya zame da ƙafafun baya, ya kuma juya a wuri guda kamar katantanwa. Ina son in koya wa nawa, amma ina tsoron in karya shi tun yana ƙarami. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tsoron nan naka yana kan hanya, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka ɗora sirdi.

Wasan da ka gani shi ne wanda Amurkawa ke kira reining, wato sarrafa doki da linzami. Asalinsa aikin makiyayan shanu ne a yammacin Amurka, masu buƙatar dokin da zai tsaya nan take, ya juya, ya tare saniya. Ƙungiyar da ke kula da wasan, NRHA, an kafa ta a 1966. Mahayi na shiga fili da maki 70, alƙalai su ƙara ko su rage bisa yadda dokin ya yi kewaye, juyi, zamiya, ja da baya da sauya ƙafa. Abin da suka fi dubawa shi ne doki ya bi umarni da yardar ransa, ba tare da an ga ana kokawa da bakinsa ba.

Akwai abin da bidiyo ba zai nuna maka ba. Babbar gasarsu da ake yi a birnin Oklahoma a ƙarshen kowace shekara ta dawaki 'yan shekara uku ce, kuma akwai kuɗi mai yawa a cikinta. Dalilin da ya sa suke hawan dukushi tun yana shekara biyu ke nan. Kai babu ranar gasa da ke jiranka, saboda haka ban ga dalilin da zai sa ka ari gaggawarsu ba.

Ƙashin doki yana ƙosawa ne daga ƙasa zuwa sama. Na kusa da kofato ke fara kammala girma, gwiwar gaba ta biyo baya wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi, gwiwar baya kuwa sai an haura uku. Ƙashin gadon baya da na wuya su ne na ƙarshe, sukan kai shekara biyar da rabi ko shida. To duba inda zamiya ke sauke nauyi: doki na tankwashe ƙugu, ya tura ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa, nauyinsa da naka duk su taru a gwiwar baya da gadon baya. Wato daidai wuraren da ba su gama ƙosawa ba a jikin dukushinka. Abin takaicin shi ne, ɓarnar ba ta bayyana a ranar. Sai dokin ya kai shekara shida ko bakwai, lokacin da ya kamata a ci moriyarsa, a ga gwiwa ta kumbura, yana ɗingishi da safe, a ce an yi masa baki.

Bakinsa ma abin dubawa ne. A shekara biyu da rabi doki ke famfarar haƙoran gaba na tsakiya, a uku da rabi na kusa da su, a huɗu da rabi na gefe. Dasashinsa na ciwo a wannan tsakanin. Linzaminmu na gargajiya mai zobe da harshen ƙarfe yana da zafi ƙwarai, kuma ina roƙonka kada ka sa masa shi yanzu. Fara da ragama, daga baya ka nemi linzami mai laushi mai gaɓa a tsakiya, ka riƙe kamazuru da hannu biyu.

Wata shida masu zuwa, mafi yawan aikin a ƙasa za ka yi shi. Ya saba da ja, ya tsaya idan ka tsaya, ya ja da baya taku biyu idan ka taɓa ƙirjinsa, ya kau da ƙugunsa idan ka danna haƙarƙarinsa. Ya san sirdi da majayi ba tare da firgita ba. Zaɓi kalma ɗaya ta tsayawa, ka riƙe ta, kai da yaron bargarka duka. Idan ya kusa shekara uku, mahayi mara nauyi ya hau, minti goma sha biyar zuwa ashirin, kwana uku ko huɗu a mako, tafiya da sassarfa a miƙe. Kewaye ƙarami da gudu yana cin gaɓoɓi, a bar shi tukuna.

Tsayawa ita ce uwar wasan, kuma daga tafiya ake koyonta. Ka zauna sosai cikin sirdi, ka daina tura shi da ƙafa, ka faɗi kalmar, sannan ka ja kamazuru a hankali. Da ya tsaya, saki nan take. Wannan sakin shi ne ladansa, shi ke gaya masa ya yi daidai. Mahayin da ke ci gaba da ja bayan doki ya tsaya yana koya masa ɗaga kai da buɗe baki ne kawai. Bar shi ya tsaya cik, ya huta, har ya sauke numfashi. Da sannu zai fara tsayawa tun daga zamanka da muryarka, kafin hannu ya motsa. Idan ya ƙware a tafiya, sai sassarfa. Tsayawa mai kyau biyu ko uku ta isa a rana.

Juyin katantanwa ma taku ɗaya ake fara shi. Idan hagu za ku, ƙafar gaba ta dama ta tsallaka ta gaban ta hagu, ƙafar baya ta hagu ta kafe. Taku ɗaya, ka sake shi ya miƙe gaba. Gobe biyu. Sauri zai zo da kansa bayan watanni.

Ita kuwa doguwar zamiyar da ta burge ka, ba ƙarfin doki kaɗai ke yin ta ba. Filin nasu an daɓe ƙasansa sumul, an zuba yashi mai laushi a sama. Ana buga wa dokin takalmin ƙarfe mai faɗi da santsi a ƙafafun baya, a ɗaura masa fata da ke kare bayan dunduniya daga gogewa. Dawakinmu galibi ba su da takalmi, filayenmu kuma ko marmara ko zurfin rairayi. A irin wannan ƙasa kofato na kafewa, jijiya ta ɗauki girgizar. Mu ma muna da zamiyarmu ta jafi a gaban sarki ranar hawan salla, amma ka lura, ingarmu ƙosassu ake yi da su. A ganina, kada ka nemi zamiya daga sukuwa kafin ya cika huɗu, kuma sai ka gyara wurin.

Kullum da safe, kafin ka kwance shi daga turke, shafa ƙafafunsa huɗu da tafin hannu, ka ji ko akwai zafi ko kumburi. Danna gadon bayansa ka ga ko zai lanƙwashe. Doki mai lafiya a huce yana numfashi sau 8 zuwa 16 a minti, zuciyarsa na bugawa sau 28 zuwa 44. Idan ya daɗe yana haki bayan kilisa, aikin ya yi masa yawa. Haka idan ya fara kwantar da kunne da ganin sirdi, yana kaɗa wutsiya da fushi, ko yana ƙin abin da ya iya jiya. Kada ka ɗauki bulala, ba shi hutun kwana uku. In ɗingishi ne, kira likitan dabbobi.

A bazara ka hau da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, ruwa ya wadata, harawa ta fi hatsi yawa a abincinsa, don ƙiba ma nauyi ce a kan ƙashi ɗanye. Ka kuma riƙa sakinsa ya yi tsalle-tsallensa a fili, domin ɗaurin turke dare da rana ba ya gina ƙashi. Idan salla ta zo, kada ka ba kowa aronsa. In kana son ya saba da tambari da ƙarar bindiga, ja shi da ragama, ya tsaya daga nesa kusa da babban doki mai natsuwa, ka mayar da shi gida kafin a fara sukuwa.