Littafin ruwan saman ɗalibaina cike yake da giɓi, in gyara musu?

Tambaya: Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare. Mun kafa ma'aunin ruwan sama a makaranta, yara suka yi ta rubuta abin da ya sauka duk daminar bara. To amma littafin duk giɓi ne da goge-goge, wasu lambobin ma ban yarda da su ba. In gyara musu kafin mu fara lissafi, ko in koma wa misalan littafin karatu?

Amsa: Malama, kada ki taɓa ko lamba ɗaya. Ki miƙa musu littafin yadda yake, domin darasin yana cikin wannan dattin. Misalan littafin karatu an riga an wanke su tas, yaro zai haɗa ya raba ya sami maki, bai taɓa tambayar daga ina lambar ta fito ba.

Ki fara da sa su bambanta sifili da gurbin da ba a rubuta komai ba. Sifili na nufin an je an duba, ba ruwa. Gurbi kuwa ba wanda ya je. Wanda ya cike gurbi da sifili ya ƙirƙiro fari da hannunsa. Ki duba ranakun Litinin da kyau: in kika ga Asabar da Lahadi fayau, Litinin kuma milimita 62, mai yiwuwa ruwan kwana uku ne ya taru, har rana ta sha wani abu daga ciki. Haka in kika ga 45 a ranar da kowa ya tuna yayyafi aka yi, wataƙila 4.5 ce, ɗigon da ke tsakanin 4 da 5 ne ya faɗi. Kada su goge. Su ja layi, su rubuta dalilin shakkarsu a gefe. Su kuma fita su kalli ma'aunin kansa, ko yana ƙarƙashin darbejiya ko kusa da indararo.

Milimita ba ta shiga kan yaro sai an mayar masa da ita ruwa. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Ke nan milimita 20 ta kusa cika jarka mai cin lita 25 daga wannan ɗan filin kaɗai, a hekta guda kuwa lita 200,000 ce.

Daga nan sai tambayar da iyayensu ke yi kowace shekara: yaushe ruwan shuka ya sauka? Wani masani mai suna Sivakumar, da ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke kusa da Yamai, ya fitar da ƙa'ida a 1988: daga 1 ga Mayu, a nemi kwana uku a jere da ruwansu ya kai milimita 20, sannan a cikin kwana 30 masu biyowa kada a sami tsayawar ruwa da ta wuce kwana bakwai. Ki raba su rukuni-rukuni, kowa ya nemo ranar a littafin. Za su saɓa, saboda giɓin nan, kuma gardamar da za ta biyo baya ta fi amsar daraja a wurina. Sai su je gida su tambayi ranar da aka yi shuka, da ko ta kama ko sai da aka sake.

Wani zai ce ai littafin ya nuna yanayi ya canja. Ki taka masa burki. Damina ɗaya ba ta isa hujja ba. Masana yanayi da shekara 30 suke awo, yanzu ana amfani da 1991 zuwa 2020. In kina son dogon tarihi, ki rubuta wa NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ki nemi na tashar da ta fi kusa da ku, musamman in zai haɗa da shekarun da aka yi fari, 1973 da 1984, yaran su ɗora daminarsu a kai su ga inda ta faɗa.

Bana kuma ki sa yaro biyu da ke kusa da makaranta su riƙa dubawa Asabar da Lahadi, da safe, a lokaci guda kullum, su zubar da ruwan bayan sun rubuta.