Tambaya da Amsa: Mene ne bambancin "tighten" da "narrow"?

Tambaya: Malam, ina shirin rubuta jarrabawar WAEC, kuma a wani insha'i na rubuta "the road tightens near the bridge", sai malaminmu ya soke kalmar da jan biro, ya sa "narrows". Ni kuwa na ga a Hausa mukan ce hanya ta matse, mukan kuma ce a matse noti. Ina kuskurena yake? Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: Malama, malaminku ya yi daidai, kuma ke da kanki kin gano tushen matsalar, domin kalmarmu ta "matse" tana ɗauke da ma'ana biyu waɗanda Turanci ya raba wa kalmomi daban-daban.

"Tighten" tana magana ne a kan ƙarfin ɗauri ko ƙarfin riƙo. Idan makanike ya sa sifana ya murɗa noti har ya daina motsi, ko mai shanya ya ja igiya har ta miƙe ba ta lilo, wannan shi ne "tighten". Asalinta siffa ce, "tight", aka ƙara mata "-en" ta zama aikatau, kamar yadda "wide" ta zama "widen". Saboda haka "tight the nut" da ake ji a gareji kullum ba ta da wuri a takardar jarrabawa, ko da yake kowa ya san abin da mai faɗar ta yake nufi.

Ita kuwa "narrow" ba ruwanta da ƙarfi. Faɗi take aunawa. Lungun da mutum biyu ba za su iya giftawa ba sai ɗaya ya karkace, shi ne "narrow", kuma kalmar ba ta sauya kama ko siffa ce ko aikatau. Ga awon da nake ba ɗalibai: ki nemi kishiyar abin da kike son faɗa. In kishiyar "sassauta" ce, ki ɗauki "tighten". In kuwa "faɗaɗa" ce, to "narrow" kike nema. Hanyar da ke kusa da gada ba a sassauta ta, faɗaɗa ta ake yi.

Awon yana aiki har a maganganun hikima. "Tighten your belt" ita ce tsuke bakin aljihu, "tighten security" kuma tsaurara matakan tsaro ne. "Narrow escape" ita ce tsallake rijiya da baya, yayin da "narrow down" take nufin a yi ta tankaɗe da rairaya har mutum ashirin masu neman aiki su koma uku.

Akwai kalma ta uku da ta haɗa ma'anonin biyu, wato "constrict", wadda ta samo asali daga Latin: a matse abu ta kowane ɓangare har ya tsuke. Likitoci kan yi amfani da ita wajen bayyana yadda hanyoyin numfashin mai ciwon asma suke tsukewa, daga gare ta ne kuma aka samo sunan macijin Kudancin Amurka "boa constrictor", wanda ke nannaɗe abin da ya kama kamar mesa. Daga tushe guda suka fito da "strict" da "restrict" da kuma "strait", wato mashigin teku mai ƙunci, irin na Jibiralta da ke tsakanin Sifen da Maroko, wanda a wurin da ya fi tsukewa bai kai kilomita 15 ba. Ki kula kada ki rubuta ta "straight", wadda ke nufin miƙaƙƙe, domin furucinsu ɗaya ne, kuma masu duba takarda ba sa yafe wannan.