Tsakanin shugaba da jagora, da batun juji

Wani mai karatu daga Mabera, wanda aka ɗora a kan ma'aikata bakwai a wata maɗaba'a, ya aiko da tambaya: "Malam, ashe shugaba da jagora ba abu ɗaya ba ne?"

Malam, a bakin mutane suna musayar wuri, amma tushensu daban. Shugaba daga "shiga gaba" take: wanda ke gaban sahu. Jagora kuwa "ja" ce da "gora", wato sanda. Dubi makaho da yaronsa a bakin babbar kasuwa. Yaro na riƙe da kan sanda, makaho na riƙe da ɗaya kan. Idan yaron ya yi sauri, sanda ta kuɓuce. Idan ya tsallake kwata bai yi magana ba, na baya ya faɗa. Abin da ya fi taɓa ni a kalmar nan shi ne, ɗan jagora ba ya zaɓar hanya don jin daɗinsa, buƙatar wanda ke bayansa yake bi. Ma'aikatanka ba makafi ba ne, amma kai kake ganin odar da ke tafe da ranar da mai aiki zai zo karɓa. Faɗa musu tun da wuri, kuma ka auna tafiyarka da tasu. Mutum yana iya zama shugaba da takardar naɗi, ya waiga bai ga kowa ba.

Wata Hajiya daga Runjin Sambo kuma ta ce karin maganar "babba juji ne" tana yi mata kama da cin mutunci.

Hajiya, yabo ce. Mu a Sakkwato "jibji" muke cewa, kuma tamu ce tsohuwar siffa, don jam'in kalmar ko a Kano "jibaje" ne. Ana nufin kowa zai kwaso ƙorafinsa, da kuskurensa, da ɓacin ransa, ya zube wa babba, shi kuma ya shanye bai tona asirin kowa ba. Sai dai masu ɗaukar maganar a matsayin haƙuri kawai sun manta da manomi. Kafin damina ta faɗi, jibjin nan ake tonewa, a loda a mangala, jaki ya kai gona. Idan wata ma'aikaciyarki ta kawo miki ƙorafi kan rabon aiki, kada ya tsaya a cikinki. Ki zauna da ma'aikatanki ranar Litinin, ki sake rabon a gabansu, ba tare da kin ambaci wadda ta kawo maganar ba.