Hasumiyoyin cocin Saint-Sulpice na Faris

Ɗan'uwa ka tambaya me ya sa hasumiyoyin cocin Saint-Sulpice na Faris ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ko magina ne suka yi kuskure. A'a wallahi ba kuskure bane, aikin ne ba a ƙarasa ba.

An aza harsashin cocin a 1646 lokacin Fada Jean-Jacques Olier, sai kuɗi suka ƙare a 1678 gini ya tsaya cak shekara wajen arba'in, har wani limamin cocin mai suna Languet de Gergy ya tashi tsaye ya nemo kuɗi ta hanyar cacar tikiti aka cigaba. Wani mai zanen gini Servandoni ne ya zana fuskar ginin a 1732, ginshiƙai jere biyu wani kan wani. Daga baya wani mai zanen ginin, Chalgrin, ya sake gina hasumiyar arewa ta kai mita 73, kafin ya taɓa ta kudu juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789, shikenan ta zauna a mita 68 dutsenta ma ba a gama sassaƙa ba har yau.

Ni abinda yafi burgeni ma a ciki yake. Akwai layin tagulla a daɓen cocin da ya miƙe ya hau wani dogon ginshiƙin farin dutse, hasken rana na shigowa ta wani ƙaramin rami a taga ya sauka kan layin da tsakar rana, da shi ake gane ranar da dare da yini suke daidaita a Maris don lissafin Ista.

Bayan gobarar Notre-Dame, babban cocin Faris, a 2019, a nan Saint-Sulpice aka yi addu'ar jana'izar tsohon shugaban Faransa Jacques Chirac.