Amsa: Wanda bai samu horo ba zai iya yi wa mutum CPR, wato danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya don a ceto shi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace wanda ba ma'aikacin lafiya ba ya danna ƙirjin mutumin da ya yanke jiki ya faɗi, kana tsoron karya masa haƙarƙari. E, ya dace, kuma ina roƙonka ka yi.

Idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Da wuya motar asibiti ta iso a wannan lokacin, don haka wanda ke tsaye a wurin shi ne abin dogaro. Haƙarƙari kan karye, gaskiya ne, amma yana warkewa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake zagaye mutum ana masa fifita ko yayyafa ruwa, saboda an ga yana jan numfashi sama-sama kamar minshari. Wannan ba numfashi ba ne, sau da yawa alamar tsayawar zuciya ce.

Ba dole sai ka hura masa iska a baki ba. Tun 2008 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta amince da dannawa kawai ga manya. In bai amsa kira ba kuma ba ya numfashi daidai, sa wani ya kira agajin gaggawa. Kwantar da shi rigingine a ƙasa, ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji, ka danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Mace ma haka ake yi mata, kunya kada ta hana. In ka gaji wani ya karɓe ka, har ma'aikata su zo.